Kama Da Wane Ba Ta Wane: Darasi A Kan Ciwon Sugan Da Ake Kira LADA



'Yan'uwa, shafin lafiya na wannan Juma'ar a kan ciwon suga yake. Mun san wasu za su ce ai an sha yi mana bayanin suga, me ya rage kuma? Akwai abin da ya rage, kuma wani ɗan'uwanmu ne ya kusa rasa ransa a kai. Shi da kansa ya ce mu ba da labarinsa don wani ya amfana, amma kada mu ambaci sunansa.

Mutum ne mai sayar da albasa a nan Ibadan, shekarunsa 38, siriri, ba ya shan taba, kullum a tsaye yake tun asuba har magariba. Shekara uku da suka wuce ya fara jin ƙishirwa marar yankewa, yana tashi fitsari sau huɗu sau biyar cikin dare, wandunansa suka fara yi masa yawa. Da ya je asibiti aka auna shi, aka ce suga ne nau'i na biyu, irin na manya, aka ba shi ƙwayoyi. Ya sha yadda aka ce, ya bar shayi mai suga, ya bar lemon kwalba, kuma ya samu sauƙi sosai har fiye da shekara guda.

Daga nan abu ya fara juyawa. Suga ya riƙa hawa, aka ƙara masa yawan ƙwayar, aka haɗa masa da wata, duk a banza. A asibiti aka ce wataƙila ba ya kiyaye abinci. A gida dangi suka ɗora wa matarsa laifi, wai ita ke dafa masa abin da aka hana shi. A kasuwa wasu suka ce wannan ramar ba ta lafiya ba ce, hannu aka sa masa. Ya sha agbo, ya sha sassaƙe, har gida Arewa ya tafi neman magani ya dawo. Rannan cikin dare ya kama amai da ciwon ciki, numfashinsa ya sauya, ya fara fita hayyacinsa. Maƙwabta suka kai shi asibiti a guje, ya kwana biyar a kwance. A nan ne wata likita ta dubi tarihinsa da kyau ta sa aka yi masa gwaji biyu da ba a taɓa yi masa ba. Sakamako ya nuna cewa tun farko ba nau'i na biyu ke damunsa ba. Wani nau'i ne da likitoci ke kira LADA. Yau yana allurar insulin, jikinsa ya dawo, yana rumfarsa.

Darasinmu ke nan a taƙaice: idan babba, musamman marar ƙiba, yana shan ƙwayoyin suga yadda aka ce, yana kiyaye abinci, amma sugansa na ƙara hawa yana kuma ramewa, to a daina neman mai laifi, a koma a sake tambayar wane irin suga ne.

Yadda abin yake a cikin jiki

Duk abin da muka ci mai sitaci, tuwo ne, shinkafa, amala, teba ko biredi, ciki yana narkar da shi ya zama suga ya shiga jini. Wannan sugan shi ne man da jiki ke aiki da shi. Sai dai ba ya iya shiga cikin tsoka da sauran sassan jiki da kansa, sai an buɗe masa. Mabuɗin shi ne insulin, wani sinadari da wata gaɓa mai suna fankiriyas ke samarwa. Tana kwance a bayan tumbi, can cikin ciki.

Mu ɗauki misali da kasuwa, tunda ita muka fi sani. Jini shi ne titi, suga shi ne kaya a kan mota, sassan jiki su ne shaguna, insulin mabuɗi, fankiriyas kuma maƙerin da ke ƙera mabuɗan.

A nau'i na biyu, wanda ya fi yawa, maƙeri yana nan yana aiki, amma kwaɗunan shagunan sun yi tsatsa, mabuɗi ba ya buɗewa da sauƙi. Ƙiba, zama wuri ɗaya, gado da shekaru su ne suka fi jawo shi.

A nau'i na ɗaya, wanda aka fi gani a yara da matasa, masu gadin kasuwa ne, wato garkuwar jiki, suke yin kuskure su ɗauki maƙerin a matsayin ɓarawo, su far masa. Cikin ɗan lokaci maƙera ta rushe, babu mabuɗi ko ɗaya, dole a kawo daga waje ta hanyar allura.

A LADA ma masu gadin ne ke far wa maƙerin, amma a hankali, yau a karya wannan, gobe a karya wancan. Shi ya sa a farko akwai sauran mabuɗai, ƙwayoyi na aiki, kowa ya ɗauka nau'i na biyu ne. Bayan watanni ko shekaru, maƙera ta gama lalacewa, sai ƙwayoyin su daina amfani. Ba don mai ciwon ya yi sakaci ba, don babu sauran abin da ƙwayar za ta taimaka wa ne.

Sunan LADA taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci, ma'anarsu ciwon sugan manya mai tafiya a ɓoye wanda garkuwar jiki ke haddasawa. Wasu na ce masa nau'i na ɗaya da rabi, don yana tsakanin biyun. Masu bincike daga Finlan da Ostireliya ne suka fito da sunan a 1993. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin nau'o'in suga masu kama da ɓangare biyu. Ba kuma abu ne da ba a cika gani ba. A wani babban bincike da aka yi a Ingila kan dubban mutanen da aka ce musu nau'i na biyu, an samu kusan mutum 1 cikin 10 yana ɗauke da alamar wannan farmaki na garkuwar jiki a jininsa, kuma su ne suka fi saurin buƙatar insulin cikin shekara 6, musamman masu ƙarancin shekaru. Idan aka haɗa binciken ƙasashe daban-daban, adadin yana tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na waɗanda suga ya kama bayan sun girma.

Alamomin da ya kamata su sa a yi zargi

Alamomin farko iri ɗaya ne da na kowane suga: yawan ƙishirwa, yawan fitsari, rama, kasala, gani dishi-dishi, miki ko maruru da ba ya warkewa da wuri, da ƙaiƙayin gaba. Da waɗannan kaɗai ba a iya bambancewa. Amma wasu likitoci a Melbon ta Ostireliya sun fitar da abubuwa biyar a 2006 da ke taimakawa:

1. Ciwon ya fara kafin mutum ya kai shekara 50.
2. Ya fara da ƙarfi, da ƙishirwa da fitsari da rama a fili, ba wai a wajen gwaji kawai aka tsince shi ba.
3. Mutum ba mai ƙiba ba ne, ma'aunin jikinsa bai kai 25 ba.
4. Shi kansa yana da wani ciwon da garkuwar jiki ke haddasawa, kamar ciwon tayirod, wato ƙululun nan na gaban wuya da idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo, ko ciwon da ke sa fata ta yi farin tabo-tabo, ko wani irin sanyin gaɓoɓi mai kumbura yatsu.
5. A danginsa na jini akwai mai irin waɗannan, ko mai suga nau'i na ɗaya.

Wanda ya haɗa biyu ko fiye daga cikin biyar ɗin, ya dace a yi masa gwaji. Ma'aunin jiki kuwa lissafinsa mai sauƙi ne: a ninka tsayi da kansa a mita, sai a raba nauyi a kilo da abin da ya fito. Mai kilo 60 da tsayin mita 1.7, zai ninka 1.7 sau 1.7 ya samu 2.89, ya raba 60 da shi, ya samu kusan 21. Ɗan'uwanmu mai albasa ya haɗa uku na farko tun ranar da ya fara zuwa asibiti.

Sai alama ta shida wadda lokaci ne ke nuna ta: ƙwayoyi sun yi aiki, sannan sun daina da wuri, duk da ana kiyayewa.

A kula da abu biyu a nan. Mai ƙiba ma yana iya samun LADA, ƙiba ba ta kore shi. Sannan ba kowane siririn mai suga ne ke da LADA ba. A nan Afirka akwai masu nau'i na biyu da yawa waɗanda ba su da ƙiba, akwai kuma wani nau'in da ke farawa da tsanani har a kwantar da mutum a sa masa insulin, daga baya ya samu sauƙi ya koma ƙwayoyi. Saboda haka kada kowa ya yanke wa kansa hukunci daga wannan takarda. Gwaji ne ke rabewa.

Gwajin da ake yi

Da farko, ga lambobin da ake cewa mutum yana da suga, ko wane nau'i ne. Idan aka auna da safe kafin a ci komai aka samu 126 ko fiye. Ko a auna a kowane lokaci a samu 200 ko fiye tare da alamomi. Ko gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya kai 6.5 cikin 100. Wasu na'urori da wasu ɗakunan gwaji suna ba da ƙananan lambobi, kamar 7.0 a madadin 126, ko 11.1 a madadin 200. Ma'auni ne daban, a raba babbar lambar da 18 sai a samu ƙaramar. Mai sikila ko mai ƙarancin jini ya gaya wa likita, don gwajin HbA1c yana iya ba da sakamakon da ba daidai ba a wurinsu.

Don gane LADA kuwa, gwaji biyu ne.

Na farko, gwajin GAD. Wannan yana neman sawun masu gadin nan da ke far wa maƙeri. Idan an same shi a jini, to garkuwar jiki na da hannu a ciwon. Akwai wasu alamomin irinsa da ake dubawa, amma GAD ne aka fi samu a manya.

Na biyu, gwajin si-feftayid. Duk lokacin da fankiriyas ta saki insulin, tana sakin wani ɗan gutsure tare da shi. Auna wannan gutsuren yana nuna yawan insulin da jiki ke iya yi da kansa, wato mabuɗai nawa maƙerin ke iya ƙerawa har yanzu.

Ƙa'idar da aka fi bi ta ce LADA ne idan abu uku suka haɗu: ciwon ya fara daga shekara 30 zuwa sama, an samu alamar farmakin garkuwar jiki a jini, kuma mutum bai buƙaci insulin ba a wata 6 na farko.

Waɗannan gwaje-gwajen ba a yin su a kemis ko ƙaramin asibitin unguwa, kuma suna da tsada fiye da gwajin yatsa. A nemi likita ya tura mutum sashen masu suga na babban asibiti, kamar asibitin koyarwa na UCH da ke nan Ibadan, ko LUTH ga 'yan'uwanmu na Legas. Gwajin GAD yawanci sau ɗaya ake yinsa. Idan muka lissafa abin da ɗan'uwanmu ya kashe a ƙwayoyin da ba sa aiki, da kuɗin mota zuwa gida, da kwana biyar a gadon asibiti, da kayan da suka lalace a rumfa, kuɗin gwajin bai kai komai ba. Idan kuma babu halin yin gwajin, likitan da ya san tarihin mutum yana iya yanke shawara daga yadda ciwon ke tafiya. Shi ya sa yake da kyau a riƙe likita ɗaya da kati ɗaya, a daina yawo daga wannan kemis zuwa wancan.

Yadda ake kula da shi

Manufar magani biyu ce: a riƙe suga a daidai, a kuma lallaɓa abin da ya rage na fankiriyas don ya daɗe. A 2020 wani taron ƙwararru na ƙasashe daban-daban ya ba da shawarar a bi sakamakon si-feftayid:

- Idan ya gaza 0.3, jiki ya kusa daina yin insulin. Sai a fara allura kamar mai nau'i na ɗaya, ba jinkiri.
- Idan yana tsakanin 0.3 da 0.7, ana iya amfani da wasu ƙwayoyi, da insulin ko ba tare da shi ba, a riƙa maimaita gwajin duk wata 6.
- Idan ya wuce 0.7, ana kula da mutum kusan kamar mai nau'i na biyu, amma ana sa masa ido.

Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta sakamakon da wani ma'auni, inda 0.3 ke zama kusan 0.9, 0.7 kuma kusan 2.1. A bar likita ya fassara.

Game da ƙwayoyi, akwai abin da ya kamata kowa ya sani. Metfomin, wanda da yawanmu muka sani da Glucophage, yana gyara tsatsar kwaɗo ne, ana iya ci gaba da shi musamman ga mai jiki. Amma akwai dangin ƙwayoyin da aikinsu shi ne matsa wa fankiriyas ta fitar da ƙarin insulin, irin su Daonil, Amaryl da Diamicron. Suna da amfani ga mai nau'i na biyu, kuma suna cikin waɗanda suka fi araha. Ga mai LADA kuwa ƙwararru sun ce a guje su, don kamar a ɗora wa jakin da ya rame kaya ne ana dukansa. Wani bincike a Japan ya nuna waɗanda aka fara wa insulin da wuri fankiriyas ɗinsu ta fi daɗewa tana aiki a kan waɗanda aka bari a kan irin waɗannan ƙwayoyi. Akwai kuma sababbin ƙwayoyi masu fitar da suga ta fitsari, irin su Jardiance da Forxiga, waɗanda ke iya jefa mai ƙarancin insulin cikin irin halin da ya kwantar da ɗan'uwanmu, ko da na'ura ba ta nuna suga ya yi sama sosai ba. Sai da sa idon likita ake shan su.

Don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya zubar da maganinsa. A ɗauki kwalin a kai wa likita a yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Maganar allura

A nan ne muka fi samun matsala. Da an ce insulin sai gaban mutum ya faɗi. Muna jin ana cewa wanda ya fara allura ya zo ƙarshe, ko allurar ce ke kashe ƙoda, ko jiki zai saba da ita. Gaskiyar magana, insulin ba baƙon abu ba ne a jiki, tun muna cikin uwa jikinmu ke yinsa. Mai LADA ana mayar masa da abin da ya rasa ne kawai. Waɗanda muka gani sun fara allura suka rasu ba da daɗewa ba, yawanci sun yi shekaru suna gudunta har suga ya gama yi musu ɓarna. Kafin a gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, wanda jikinsa ya daina yinsa ba ya daɗewa a duniya. Yau mutane suna shekara 50 da fiye suna allurar, suna aure, suna haihuwa, suna kasuwanci.

Allurar ƙarama ce, a ƙarƙashin fata ake yinta, a ciki ko cinya, mutum da kansa yake yi. Ga abin da za a kiyaye:

- A riƙa sauya wurin allura, kada a nace wa wuri ɗaya har ya yi ƙullutu.
- A duba lambar da ke jikin kwalba da ta sirinji su zama ɗaya. Insulin mai lamba 100 da sirinji mai lamba 100. Idan aka haɗa da mai lamba 40, awon zai kuskure ƙwarai.
- Kwalbar da ba a buɗe ba a ajiye ta a firji, amma ba a wurin ƙanƙara ba. Insulin da ya daskare ya lalace.
- Wadda ake amfani da ita tana iya kai mako 4 a wuri mai sanyi da inuwa. Inda wuta ba ta zama, a sa ta a leda a ɗaure, a ajiye a cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, ko a gindin randa.
- Masu bin mota zuwa Arewa sayen kaya, kada a bar insulin a gaban mota inda rana ke duka, ko a saman kaya. A riƙe shi a jiki cikin 'yar jaka, a kuma ɗauki fiye da na kwanakin tafiyar, don mota na iya lalacewa a hanya.

Haɗari biyu da kowa a gida ya kamata ya sani

Na farko, faɗuwar suga, wato ya yi ƙasa da 70. Yana faruwa idan an yi allura ba a ci abinci ba, ko an yi aikin ƙarfi kamar sauke buhuna. Mutum zai ji rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, ko ya fara magana ba kan gado. Nan take a ba shi ƙwayar suga 3 zuwa 4, ko babban cokali ɗaya na suga ko zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15 a sake aunawa, idan bai hau ba a maimaita, sannan ya ci abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a kai shi asibiti. Mai allura kada ya rabu da suga a aljihu, kuma yaran shagonsa da maƙwabcin rumfarsa su san halin da yake ciki. Direba ya auna kafin ya kama hanya.

Na biyu, abin da ya kwantar da ɗan'uwanmu. Idan insulin ya yi ƙaranci ƙwarai, jiki yana komawa ƙona kitse, wannan kuma yana tara wani sinadari mai suna kiton da ke sa jini ya yi tsami. Alamominsa amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani, numfashi mai zurfi da sauri, warin baki kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, da magagi. Wannan ba na jira a ga safiya ba ne, ba kuma na kemis ba ne, yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka suna tayar da shi. Saboda haka mai allura idan ya kwanta rashin lafiya, kada ya daina insulin don wai ba ya cin abinci. Ya yawaita shan ruwa, ya riƙa aunawa duk awa 3 zuwa 4, ya nemi likitansa.

Abinci, dubawa da iyali

Mai LADA siriri ba a so ya ƙara ramewa. Kuskure ne a hana shi komai sai ganye da ɗanyar ayabar suya. Abin da ake so shi ne awo da lokaci: tuwo daidai misali, miya mai yawa ta kuka, kuɓewa, zogale ko alayyahu, da wake, alala, kifi, ƙwai ko nama, a kuma ci a kan lokaci ɗaya kullum don ya dace da allura. Abin sha mai zaƙi ne ake bari, sai lokacin faɗuwar suga. Ganyen shuwaka da zogale abinci ne masu kyau, amma ba sa maye gurbin insulin, kuma haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba suna iya taɓa ƙoda da hanta.

Sau ɗaya a shekara a duba ido, ƙoda da ƙafafu, a riƙa auna hawan jini, a kuma nemi a duba tayirod, don masu LADA sun fi samun matsalarsa. Kullum da dare a dubi tafin ƙafa da tsakanin yatsu, a daina tafiya ba takalmi a kasuwa, kada kuma a bar mai yankan farce ya yi wa ƙafa rauni.

Iyayenmu mata da matanmu, wannan ciwon yana kama mace kamar yadda yake kama namiji. Mai shi da ke son ɗaukar ciki ta fara daidaita suganta tukuna, kuma insulin ba ya cutar da jariri. Ba a ɗaukar ciwon ta cin abinci tare ko ta zaman aure. Magidanta kuma, idan suga ya ƙi sauka, kada a fara da zargin mai girki.

Sai azumi, wanda ake yawan tambayarmu. Mai yin allura sau da yawa a rana yana cikin waɗanda azumi ke iya yi wa haɗari, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame. A ga likita mako 6 zuwa 8 kafin watan ya kama, sannan a kai wa malam abin da likita ya ce. Wanda aka yarje wa ya yi, ya riƙa aunawa da rana, don ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi. Idan ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300, ko ya ji alamomin da muka lissafa, ya sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira salla.

Abin da muke roƙo

Duk wanda ya ga kansa ko wani nasa a cikin wannan bayani, ya yanke shafin nan ya tafi da shi asibiti, ya yi wa likita tambaya uku: Wane nau'in suga ne nake da shi? Ko ya dace a yi mini gwajin GAD da si-feftayid? Ƙwayar da nake sha ta dace da ni? Wanda Turanci ko Yarbanci ke ba shi wahala ya same mu a ofis bayan salla, za mu haɗa shi da wanda zai raka shi. Waɗanda suka iya karatu kuma su karanta wa waɗanda ba su iya ba, a rumfa da a gida.

Mun tambayi ɗan'uwanmu abin da ya fi ba shi takaici a duk abin da ya faru. Ya ce ba kuɗin ba ne, ba kwanciyar asibitin ba ce. Shekara guda da aka yi ana zargin matarsa ne, alhali ita ce ke tashi cikin dare tana ba shi ruwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya tsare mu da iyalanmu a wannan zama namu na nesa da gida. Amin.

Wassalamu alaikum.
Daga ofishin Sakataren Masallaci